Biyu Cikin Shida

Sabon Fegi, Lafiya.
Watan Janairu.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Muhibbat da yara. Yaya aikin gareji, yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai kewar Baba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Maigidana yana gaishe ka.

Ka ga takarda a hannun direban motar doya, na san za ka yi mamaki. Kada ka yi, kai ka jawo. Duk lokacin da na kira ka, da na ce "gona" sai ka kashe min waya a kunne. To, ita takarda ba a kashe ta. Ko yaga ta za ka yi sai ka karanta tukuna, don na san ka da son jin ƙwaƙwaf tun kana yawo ba wando.

Zuhra ta zo min daga Agyaragu idonta jawur. Ta ce ka kira ta ka ce Salmanu ya cinye maka gado, wai shi gona biyu, kai gona ɗaya, an lissafa ka cikin mata. Ta ce har ka kira shi ɓarawo. Muhyiddin, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma bari in danne, in maimaita maka yadda aka yi rabon, tunda ranar ba ka zo ba.

Baba ya bar gona ɗaya a Adogi, doguwa, daga bakin titi har rafi. Mu huɗu ya bari: ni, Salmanu, kai, da auta Zuhra. Inna ta riga shi tun kana ƙarami. Liman ya ce namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka za a kasa gonar shida. Aka kawo igiya aka auna, aka kafa turaku, yanki shida daidai wa daida. Ni ɗaya, Zuhra ɗaya, Salmanu biyu, kai biyu. Ka ji? Kai biyu.

Ana cikin awon ka kira waya, da bakinka ka roƙa a ba ka na bakin titi, kuma a haɗe maka su wuri guda, kada a bar turke a tsakiya, don kana so wata rana ka yi gini. Salmanu ne ya sunkuya ya tuge turken da hannunsa. Biyunka suka zama fili ɗaya mai faɗi. Shi ya sa da Liman ya karɓi wayar ya ce maka naka sulusi ne, wato ɗaya cikin uku na duk gonar. Ka ce ka gode, har ka yi masa addu'a.

Shi kuwa Salmanu nasa biyun a rabe suke. Ɗaya yana bin naka, inda rumfar doyar Baba take. Ɗayan yana can ƙarshe a bakin rafi, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Namu ni da Zuhra suna tsakiya. Shi ya zaɓi na rafin don kada ya faɗa wa ɗayarmu, ya san ba za mu iya da shi ba. Wannan shi ne gona biyun da ake faɗa maka.

Na kuma san wanda ya faɗa maka. Sharhabilu ne, ɗan Kawu, wanda bai taɓa riƙe ƙotar fartanya ba sai kan babur. Ya ji mutanen Adogi suna cewa Salmanu biyu, Muhyiddin ɗaya, mata ɗai-ɗai, ya ɗauko da zafinta ya juye maka a kunne. Kai kuma ba ka tambaya ba: ɗaya cikin nawa? Biyu cikin nawa?

Wannan abin shi nake koya wa 'yan aji huɗu duk shekara. Biyu bisa shida da ɗaya bisa uku abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Ga rake nan na ba direba ya kawo maka, mai gaɓa shida, ni na zaɓe shi a kasuwa gaɓoɓinsa kusan kai ɗaya. Ka sare gaɓa biyu a haɗe ka ajiye, naka ke nan. Ka sare gaɓa ɗaya a kai, ɗaya a gindi, na Salmanu ke nan. Ka jera nasa biyun kusa da naka, ka duba da idonka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Abin da ya sa na yi saurin rubuto maka shi ne har yanzu Salmanu bai ji ba. Na hana Zuhra faɗa, na tare Sharhabilu a bakin tasha na ce in ya kuskura ya kai Adogi sai na ci mutuncinsa a gaban abokan acaɓarsa. Ka san yayanka. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in magana ta shige shi ba ta fita. Shi ya yi jinyar Baba, shi ya ɗauke shi ya kwantar, mu muna aiko gaisuwa ta waya. In kalmar nan ta ɓarawo ta kai kunnensa, ban san abin da zai rage tsakaninku ba. Magana zarar bunu ce. Ka haɗiye ta tun tana tsakaninmu.

Ka gaishe min da Muhibbat, ka shafa min kan yara. Ina sauraron kiranka.

Yayarka,
Lami.


Sabon Fegi, Lafiya.
Watan Fabrairu.

Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da iyali. Ina tambaya ne don haƙƙin zumunci, ba don ka kyauta min ba. Mu dai jiki lafiya, rai ne ba lafiya.

Direba ya dawo yana dariya, ya ce a gabansa ka karanta takardar, a gabansa ka shanye raken tas, ka tofar da ɓawon. Allah ya sa ya yi maka daɗi. Da a nan ka tsaya da na ce yarinta ce. Sai ga muryarka a wasaf, a zauren da dangi kaf suke ciki, har da surukai. Na saurare ta ina tsaye a ofishin malamai. Wai kai ba ɗan firamare ba ne da za a aiko maka da rake. Wai biyu ta fi ɗaya ko a Lafiya ko a Makka. Wai malamar makaranta ta haɗa baki da manomi za su rufe ka da lissafin boko. Sannan ka faɗi kalmar, ka kama sunan Salmanu ka liƙa masa ita.

Lissafin boko? To bari in zo maka ta garejinka. Wani ya kawo maka baƙin mai lita huɗu a galan ɗaya, wani ya kawo lita bibbiyu a robobi biyu. Wa ya fi wani mai? In yaron shagonka ya ce mai roba biyu ya fi, ai sai ka kore shi ya koma gida. Amma da aka zo kan gonar ubanka sai kan naka ya toshe. Ni fa na fara zargin ba ganewa ne ba ka yi ba, so ne ba ka yi ka gane. Abin da ke cin ka shi ne an ce maka ɗaya, mata ma ɗaya.

Kuma tunda ka taɓo mata, bari in tambaye ka. Mece ce abin kunya a zama cikin mata? Da Inna ta rasu wa ya goya ka? A bayana ka yi fitsari, ni na tauna maka gyaɗa, ni na bi ka da bulala zuwa makarantar da ka gudu daga aji uku. Da ka daure shekara ɗaya tak ka shiga aji huɗu, da yau ba na ɓata biro a kanka. Ni da aka ba rabin naka ban ce uffan ba, don hukuncin Allah ne. Kai da aka ba ninki kake ihu.

Yanzu ka ji abin da muryarka ta yi. Salmanu ba shi da babbar waya, ta matarsa Talatu ce. Ta ga saƙo daga gare ka, ta ɗauka gaisuwa ce, ta kunna a tsakar gida ana cin tuwo, yara duk suna zaune. Ta ce ta nemi inda za ta danna ta kashe, ta rasa. Har ƙarshe suka ji. Babban ɗansa ya tambayi uwarsa ko da gaske babansa ya yi sata.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Adogi. Na same shi a rumfar doya yana ware iri, yana yanka manya gida-gida yana shafa musu toka. Na zauna na yi ta zuba, na zage ka, na ba da haƙuri a madadinka, na ce Sharhabilu ne, na ce zaman nesa ne. Bai ɗago ba. Sai da na gaji na yi shiru ya ce, "Yaya, da ya ce yana son duka ai da na ba shi." Ya ci gaba da yankan irinsa. Na fito na tsaya bayan rumfar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki Baba.

Yanzu kuma na ji ka aika wa mai unguwa cewa za ka zo a sake awo a gaban jama'a. Don girman Allah, Muhyiddin, kada ka yi. Ba don ina tsoron igiya ba, igiya ba ta san ɗan'uwan kowa ba, abin da ta faɗa da farko shi za ta sake faɗa. Tsorona shi ne ka tsayar da yayanka a tsakiyar gonar ubansa, garin da aka haife shi, ana auna shi kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ko an wanke shi, an dai tsayar da shi.

In awo kake so, ka zo a ɓoye. Ka sauka gidana, in sayi igiya, mu je ni da kai da sassafe, ka riƙe baki ɗaya in riƙe ɗaya. In ka gani da idonka sai mu wuce gidansa ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. Har yanzu ƙofar ba ta gama rufewa ba, na ga hakan a yadda ya ƙi zaginka. In kuwa ka ƙi ji, to wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ka gaida Muhibbat. Ita ma ina da magana da ita, da take zaune kana wannan ɓarna ba ta ƙwace wayar ba.

Yayarka da ka raina,
Lami.


Sabon Fegi, Lafiya.
Watan Afrilu.

Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya gajiyar hanya? Ina fata ka isa lafiya tun wancan zuwan. Nan an fara ruwa, manoma sun duƙufa. Zuhra tana gaishe ka, ni ce na ce ta gaishe ka.

Na ga yanzu wayarka ta warke, har kai ke kirana. Ban ɗauka ba, kuma da gangan ne. Saƙonka dai na saurara. Wai tunda an auna an ga daidai ne, babu wanda ya ci wani, a bar zancen ya wuce. Wai in ce wa Salmanu ya tayar maka da kunyar doya a filinka kafin ruwa ya yi nisa, kada ciyawa ta cinye. Na saurara har sau biyu don in tabbatar kunnena ne ba ya yi min ƙarya.

Kai ranar nan idonka yana kan igiya, bari in faɗa maka abin da ni na gani. Na ga mutanen Adogi sun bar aikinsu sun cika gonar, har da matan da suka ajiye tallansu a bakin titi. Na ga ka sauko daga bayan babur ɗin Sharhabilu da sabuwar shadda, ka wuce yayanka ba ka miƙa masa hannu ba. Na ga Salmanu tsaye gefe da kayan gonarsa, ya harɗe hannu a baya, Talatu da tsohon cikinta tana leƙe daga rumfa.

Aka shimfiɗa igiya a filinka daga titi zuwa turke, aka ƙulla alama. Aka ninke ta gida biyu. Aka kai yankin Salmanu na rumfa, ta zauna cif. Aka gangara na rafi, ta zauna cif. Ka ce a sake, wai igiyar tana miƙewa. Aka sake. Maƙwabcin Baba, tsoho Iorkyaa, da ke riƙe da ɗaya bakin, ya yar da ita ya ce da gurguwar Hausarsa, "Muhyi, gona ɗin nan duka ɗaya ne. Doya babba in ka yanka shi biyu, bai zama doya biyu ba. Babanka in ya ga wannan, zai yi kuka." Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Salmanu ya matso. Ka tuna abin da ya ce, ko shi ma in maimaita maka? Ya ce tunda biyu ta fi ɗaya, ka ɗauki biyun nasa ka ba shi ɗayan naka, a gaban mai unguwa, yanzu. Kowa ya juyo yana kallonka. Ka dubi bakin titi inda kake son gini, ka dubi rafi inda ruwa ke kwanciya, sai ka hau yaƙe kana cewa ashe lissafi ne ya rikice, ai shi ke nan. Ka ƙi musayar. A nan kowa ya gane ka san wanda ya fi kyau tun farko.

Na tsaya ina kallon bakinka, ina jira. Kalma biyu ce, Muhyiddin: yi haƙuri. Na rantse da ka faɗe ta a wurin, a gaban waɗanda ka tara, da ya karɓa, na san ɗan'uwana. Sai ka duba agogo ka ce mota za ta tashi. Ka tara gari don a ji ka ce ɓarawo, amma wankewar ka bar wa igiya.

Shi ya sa "a bar zancen" ɗin nan naka ya fi zagin farko ƙona min rai. Gona ce ta fito daidai. Kai ka koma Fatakwal da abin da kake da shi tun ranar rabo, ko taku ɗaya bai ƙaru ba. Shi kuwa ya koma gida a matsayin mutumin da ƙaninsa ya sa aka auna. Yaransa suna zuwa makaranta ana nuna su.

Saƙonka na noma ban kai ba, kuma ba zan kai ba. Bakina ba zai iya ɗaukarsa ba. Ya tayar da kunya a nasa biyun, ya tayar a nawa da na Zuhra ba tare da mun roƙa ba. Naka yana nan yadda ka bar shi, ciyawa ta fara kai gwiwa, duk wanda ya bi titi yana gani. In kana so a noma, ka zo ka roƙa da bakinka, ko ka nemi 'yan ƙwadago.

Akwai labarin da ba a ce in faɗa maka ba, amma ba zan bari ka tsinta a bakin Sharhabilu ba. Talatu ta sauka lafiya, namiji. An yi suna jiya, ya ci sunan Baba. Dangi sun zo har daga Agyaragu, ba wanda ya tambayi inda kake, wannan ma ya dame ni.

Ka san yadda Salmanu yake rabon naman suna tun da. Hannu yake sawa a kwano ya damƙo, ya ce a kai wa wane, naka kuwa kullum sai ya ƙara damƙa don kana nesa. Jiya da aka gama suya sai ya ce kada kowa ya taɓa. Ya aika aka kira Iorkyaa da wakilin mai unguwa. Ya aro sikeli wurin mai nama. A gabansu ya kasa rabon 'yan'uwa, yana ɗorawa yana saukewa, yana cire tsoka yana mayarwa, har allurar ta tsaya. Na ce, haba Salmanu, nama ne fa, mu ne fa. Ya ce gara a yi da shaidu. Zuhra ta tashi ta shige ɗaki.

Naka yana hannun direba tare da wannan takarda. Za ka ga leda biyu. Ba ƙari aka yi maka ba, nauyinsu ɗaya da na kowa. Shi ya raba shi da hannunsa, ya ƙulle kowace, ya miƙo min ya ce, "Ki kai masa a biyu, kada ya ce ɗaya aka ba shi."

Ka ci lafiya. Ka gaida Muhibbat da yara.

Yayarka,
Lami.